Sinadarin Maƙera a Rediyon Alhaji Garba

Jiya ina zaune bakin shagon nan na ga ɗayanku ya zare rediyo daga mota, ya juya ta sau biyu, ya ce ma mai ita ta mutu, shi sayi sabuwa. Ko murfi bai buɗe ba. Na yi shiru don ban son in kunyata shi gaban baƙo, amma abin ya tsaya mini a rai har yau. Kuna ta faɗin aikin ga ba shi da wuya. To ina zai yi wuya, tunda ba ku yin shi? Ku jawo benci ku zauna in gaya muku yadda munka same shi, da irin ɓarnar da ni da kaina na tafka cikinsa, don kada ku ɗauka tsoho yabon kai ya zo yi.

Ni ɗan maƙeran fari ne, Ƙofar Marke anka haife ni. Babana zobe da munduwa yake ƙerawa, shina kuma liƙe buta da fitila in sun huje. Tun ban san komai ba na iya zuba dalma, kuma ita ta kai ni wurin Saje Bawa. Tsohon soja ne, can ya koyi aikin wayar iska, da anka sallame su bayan yaƙi ya dawo Sakkwato ya kafa rumfa daura da tashar mota. Ranar da babana ya kai ni bai tambaye ni ko na yi boko ba. Waya biyu ya miƙo mini ya ce in haɗa. Na haɗa, ya ja da ƙarfinsa ba ta rabu ba, sai ya ce gobe in zo da sassafe.

Lokacin Turawa ke mulki, kuma motocin garin ga masu rediyo ana iya lissafa su da yatsu: na Turawan gwamnati, da na attajirai biyu ko uku. Rediyon ba irin wagga 'yar faifan da kuke sawa aljihu ba ce. Akwati ne na ƙarfe, mutum ɗaya sai ya yi nishi kafin shi fiddo shi daga ƙarƙashin sitiyari. A cikinsa akwai kwalabe ƙanana da ke yin ja in sun ɗau zafi, su ke kamo magana su ƙara mata ƙarfi. Akwai wani gwangwani da muke kira zuma, don kukan ƙudan zuma yake yi, shi ke ɗaga wutar batir ta kai yadda kwalaben ke so. Wutar nan in ta kama ka, sai ka kira sunan kakarka. Ni ta taɓa jefa ni cikin kwandon mai tallar albasa, Saje na kallo, ko sannu bai ce mini ba.

Aikin farko da ya bar mini motar wani Bature ce mai duba dabbobi. Direban ya ce rediyo ta yi shiru tun hanyar ƙauye. Na ɗauko sukurdireba zan fara kwance akwati, sai Saje ya buge mini hannu. Ya ce in fara da abin da bai buƙatar kwancewa. Fis ya ƙone ko shina nan? Wuta na isowa daga batir? Wayar da ke kama jikin mota ta kama sosai, ko tsatsa ta shiga tsakani? In duk waɗanga lafiya, sai ka kunna ka kara kunne ka ji ko zuma na kuka. In tana kuka, ka ba kwalabe lokaci su yi zafi, ka leƙa ka ga wadda ba ta yi ja ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya lau, rediyo kuwa ko tari. Har na fara gumi. Saje ya ce in cire ragar lasifika. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki, laka ta cika ta riƙe takardar lasifikar gam. Da tsinken tsintsiya na gyara rediyon Bature, direban na ta dariya.

Haka aikin yake, rabinsa kunne ne, rabinsa haƙuri. Gargadar hanya na girgiza kwalba ta fito daga mazauninta, ka danna ta kawai magana ta dawo. Zafin bazara na narkar da kakin da anka lulluɓe kwandansa da shi, wato 'yar abar nan da ke tara wuta cikin rediyo. Wani kuma ba rediyonsa ba ce ke ciwo, fulogin injin ne ke sa ta tsatsatsa in an taka totur. Wutar lantarki ba ta iso rumfarmu ba, don haka ƙarfen liƙi a kan gawayi muke gasa shi, ka kusanto da shi kumatu ka ji ko ya yi. Mitar gwada wuta ɗaya ce gare mu, Saje na naɗe ta cikin tsohon rawani, kuma na shekara biyu wurinsa kafin shi bari in taɓa ta.

Akwai doka ɗaya da ya kafa mini tun ranar farko. Dalma ba ta kama waya sai an shafa abin da zai share mata wuri. Mu gidan ƙira sinadari muke sawa, wani farin gishiri mai yaji a hanci. Saje kuwa wani ƙaro yake sawa, ja-ja mai ƙamshi, daga Kano ake kawo masa shi cikin gwangwani. Ya ce da ni, cikin rediyo ƙaron ga kaɗai ake sawa. Na tambayi dalili, ya ce soja ba a tambayarsa dalili. Ni kuwa a raina na ce tsoho na son kayan Turawa ne kawai, don na san sinadarin babana ya fi ƙaron nan sa dalma gudu nesa ba kusa ba. Ku lura da wanga, shi ya sa in na hana ku abu nike tsayawa in gaya muku dalili, ko kun ƙosa da surutuna.

A shekarata ta huɗu Saje ya tafi aikin hajji ta ƙasa, tafiyar da ake ban kwana da iyali sosai don ba a san ranar dawowa ba. Ya bar mini rumfa da mita da rabin gwangwanin ƙaro. Kafin tsakiyar rani ƙaro ya ƙare. Ban aika Kano ba, ban ma damu ba. Na shiga maƙerar babana na ɗebo sinadari cikin gwangwanin madara na ci gaba da aiki. Kai, ku ga liƙin da nike yi lokacin! Sumul, shina ƙyalli, har ina nuna ma mutane ina cewa maigidana ma bai yin irinsa.

Cikin ayyukan ranin nan akwai rediyon Alhaji Garba mai fata, attajirin da ke sayen fatun awaki shina aikawa kudu, gidansa na Gidan Dahala. Motarsa baƙa ce ƙirar Ingila, kuma duk la'asar sai an fito da ita ƙofar gida an buɗe ƙofofinta, mutanen unguwa su taru a kan tabarmi a ji labarai. Direbansa Labbo ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar, mutum ne mai sanyin magana, da mata da ɗiya da tsohuwar uwa a hannunsa. Shi ya kawo rediyon. Kwandansa ɗaya ce a cikinta ta ƙone kusa da zuma, aikin da bai fi rabin sa'a ba. Amma da yake hannuna na ƙaiƙayi, sai na bi ƙafafun kwalaben nan duk inda na ga dalmar kamfani ta dushe na sake ta da tawa. Labbo na zaune gefena shina riƙe mini akwatin, don shi mutum ne mai son ganin yadda ake aiki. Rediyo ta tashi ras, ya sa mini albarka ya tafi.

Damina ta yi nisa, wata safiya sai ga motar ta tsaya gaban rumfa, Alhaji da kansa a baya. Ban taɓa ganin ya zo tasha ba, don haka kafin shi fito mutane sun fara taruwa. Ashe rediyo ta kwana uku tana kakari, sannan ta yi shiru, kuma rigima ta tashi a gidan. Direbobin lokacin suna da al'adar shiga da mota bakin gulbi su wanke ta cikin ruwa, Alhaji kuwa ya hana Labbo haka tun ranar da ya ɗauke shi. Sai wani bara ya ce ya ga motar wajen gulbi. Labbo ya ce gaskiya ne ya je wajen, fatu ya ɗauko wurin majema, amma taya ko ɗaya ba ta taɓa ruwa ba. Ya rantse da Allah gaban jama'a. Alhaji ya ce to a zo wurin Ummaru, wato ni, in buɗe in raba gardama.

Na bi ta yadda anka koya mini. Fis lafiya, wuta na zuwa, zuma na kuka, kwalabe duk sun yi ja. Na jiƙa yatsa na taɓa inda in ka taɓa lasifika ke yin gurnani, shiru. Munka fiddo akwatin ni da Labbo, na kife shi a kan tebur na kwance murfin ƙasa. Wani kore ne ya fito a kan wayoyin, gari-gari, ya ci jan ƙarfen har wata waya na taɓa ta ta gutsure a hannuna. Kuma ba ko'ina yake ba. Dalmar kamfani da ban taɓa ba tana nan garau. Inda na liƙe ne kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsira. Ni ɗan maƙera ne, na san koren nan tun ina rarrafe. Shi ke fitowa a jikin tagulla in an liƙe ta da sinadari an ajiye ba a wanke ba.

Alhaji ya leƙo ya ga kore. Ya ce, "Ummaru, gaskiya nike so. Ruwa ne ko ba ruwa ba ne?"

Tsoro ya kama ni, ba ni ɓoye muku. Na tuna rumfar amana ce, na tuna duk rediyon da na taɓa tun rani, ga mutanen tasha sun zuba mini ido. Sai na ji bakina ya ce, "Ranka shi daɗe, alamar ruwa ce."

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu, Labbo ya sa masa makulli a ciki. Ya ce shi zai iya zama da direban da ya yi kuskure, amma ba shi zama da wanda ke rantsuwa a kan ƙarya. Nan take anka samo wani direban tasha ya mai da shi gida. Labbo ya ɗauki butarsa da hularsa daga cikin motar ya bi ta cikin mutane ya wuce.

Kun san garin ga, magana ba ta kwana wuri ɗaya. Kafin mako duk mai mota ya ji cewa Labbo ya yi rantsuwar ƙarya, ba wanda zai ba shi sitiyari. Mutumin da ke sa farar riga shina tuƙa attajiri, sai ga shi cikin 'yan dako a tasha, shina ɗaukar buhun gero a ka. Kuma tashar tana daura da rumfata. Kullum sai ya wuce ta gabana, kullum sai ya ce mini ina kwana, ni kuwa in amsa kaina na ƙasa kamar mai neman wani sukuru da ya faɗi. Na aika Kano a ɓoye anka kawo mini ƙaro, na yanke wayoyin Alhaji duka na sa sabbi, rediyo ta tashi. Har kyautar riga ya aiko mini da ita. Ban iya sa ta ba.

Shekarar nan ita ce mugunyar shekarata a aikin ga. Rediyon da na liƙe da rani sunka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya, ta likita, ta wani malamin makaranta, har da na gida masu batir. Duk kore ɗaya. Ina ta ɗora laifi a kan damina, amma mutane ba wawaye ba ne. Anka fara cewa Saje ya tafi da albarkar rumfar, wasu sunka ce sammu anka yi mini, masu hali sunka koma aika rediyonsu Gusau. Na koma gyaran tocila da fitilar keke. Wata rana sai in wuni ban hura gawayi ba.

Bayan kaka na kasa daurewa, na ɗauki mazaunin kwalba ɗaya da kore ya cinye na kai ma babana a maƙera. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce sinadarinsa ne. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin ya sauke aiki daga wuta bai jefa shi ƙwaryar ruwan tsamiya ya dirje ba. Sinadari gishiri ne, in an bar shi jikin ƙarfe sai shi yi ta jan danshi shina ci. Buta ana wanke ta, zobe ana wanke shi, rediyo fa? Abin da Saje ya sani ke nan bai faɗa mini ba, kuma abin da ni ma na sani ke nan ban haɗa shi da rediyo ba, don girman kai ya rufe mini ido. Babana ya ci gaba da zuga-zuginsa, can ya ce, "Mutumin ga da anka kora gidan Alhaji Garba, shi ma wanga kore ne?" Na ce shi ne. Bai zage ni ba, da ma zagina ya yi. Cewa ya yi ni da shi ba mu sake sa hannu akushi ɗaya sai na je na wanke bawan Allah. Ran nan anka fara zuba mini tuwona daban, duk gidan na kallo.

Ban tafi wurin Alhaji hannu sake ba, don na san attajiri ba ya yarda da magana sai ya gani da idonsa. Na ɗauki waya biyu, na liƙe ɗaya da ƙaro ɗaya da sinadari, na tura su ƙarƙashin randar innata inda ƙasa ba ta bushewa. Bayan kwana goma na ciro su, ɗaya garau, ɗaya ta yi kore. Da hantsi na isa zauren Alhaji, shina cikin mutanensa ana ware fatu. Na durƙusa na ajiye wayoyin gabansa, na faɗi komai tun daga ƙarewar ƙaro har ƙaryar da na yi masa a tasha. Ya daɗe shina juya wayoyin. Fuskarsa ta canza, na ɗauka mari zai kai mini. Sai ya ce na sa ya zalunci mutumin da ya yi masa shekara tara bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma tunda gaban mutanen tasha anka tozarta shi, can za a wanke shi. Ya sa anka fito da mota, ya ce in shiga gaba.

Munka tarar da Labbo shina sauke buhu daga wata babbar mota, rigarsa duk ƙaiƙayi. Mutane sunka taru fiye da na farko. Alhaji ya ce in yi magana, in ɗaga murya. Na faɗi cewa motar ba ta shiga ruwa ba, rantsuwar Labbo gaskiya ce, aikina ne ya ɓata rediyon, kuma na san haka tun ranar da na buɗe ta. Wani tsoho can baya ya yi ta salati. Alhaji, mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba, ya miƙa makulli ya ce Labbo shi gafarta masa don Allah.

Labbo ya ce shi bai riƙe Alhaji da komai ba, abin da anka gaya masa ya yi aiki da shi. Sannan ya juyo wurina. Bai yi fushi ba, da muryar nan tasa mai sanyi ya yi magana, yadda ni da na kusa kaɗai munka ji.

"Ummaru, ni na riƙe maka akwatin ran da ka liƙe shi. Ranar da ka buɗe ina tsaye bayanka, na ga koren ba shi ko'ina sai inda hannunka ya bi. Na san kai ne."

Na ce, "To mi ya hana ka faɗi, Malam Labbo?"

Ya ce, "Na ga kai yaro ne, maigidanka ba shi gari, in na faɗi a gaban mutanen ga an rufe rumfar ke nan. Na ce tsoro ne, bari in ba shi kwana biyu, zai zo da kansa." Ya kaɗe ƙaiƙayin da ke kafaɗarsa, ya karɓi makullin daga hannun Alhaji. "Kullum ina biyowa ta gabanka ina gaishe ka, ko za ka ɗago kai. Wata huɗu ka yi, Ummaru."